Hanyar Funtua zuwa Gusau: Zafin baƙin mai da allurar mota ba ta nuna wa direba

Duk direban da ke bin hanyar Funtua zuwa Gusau ya san cewa da zarar ya wuce Mairuwa ya doshi Sheme da 'Yankara, akwai wuraren da ba ya fatan motarsa ta tsaya ko na minti biyar. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa sun sauya yadda ake tuƙi a yankin. Ana cika lodi saboda sawu ya ragu, ana taka mota don a fita daga daji da sauran rana, kuma ba kowa ke yarda ya tsaya a gefen hanya don inji ya huce ba.

Lamarin ya kai ga a ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta ce su zagaya ta Bakori da Funtua. Jim kaɗan bayan haka aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da waɗannan ukun. A watannin nan, wanda motarsa ta lalace a hanya ko bakanike ba ya iya kira.

An maido da layukan waya, amma salon tuƙin ya zauna. Kuma salo ne da ke ɗora wa inji nauyin da ba a ƙera shi dominsa ba: Golf ko Sharon ko bas ɗin Hiace da ta gama rayuwarta ta farko a Turai, ɗauke da ninkin mutanen da aka tsara mata, ga buhunan masara a but, tana gudu ba sassauci a watan Afrilu lokacin da zafin rana kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas.

Akwai wasu mutane a wata duniyar daban da ke azabtar da injinansu kamar haka, sai dai su don nishaɗi suke yi. Abin da suka gano game da baƙin mai ya shafi direban Mairuwa kai tsaye.

Masu kai motocin gida filin tsere

A Turai da Amurka da Japan, filayen tseren motoci kan ware wasu ranaku su buɗe ƙofa ga kowa. Mutum zai biya kuɗi ya shiga da motarsa ta zuwa ofis, ya yi gudun da doka ba za ta bar shi ya yi a titi ba. Ba gasa ba ce, babu kofi. Fitacce a irin waɗannan wurare shi ne Nurburgring da ke Jamus, wanda aka buɗe a 1927, kuma zagayensa na arewa ya kai kilomita 20.8.

Abin da sababbin shiga kan fara cin karo da shi, bayan birki, shi ne zafin baƙin mai. Motar da ta shekara goma a titi ba ta taɓa nuna alamar zafi ba, cikin minti goma sha biyar ko ashirin na gudu mai tsanani sai manta ya haura digiri 130, alhali allurar ruwa tana nan a tsakiya kamar ba abin da ke faruwa. Da yawa sun rasa injinansu a haka kafin abin ya zama sananne a tsakaninsu. Shi ya sa a yau wanda ya ƙware a harkar ba ya fara sayen kayan ƙara wa mota ƙarfi sai ya sa agogo biyu a gabansa: na zafin mai da na ƙarfin bugun mai.

Bambancin da ke tsakaninsu da direban haya shi ne, su bayan minti ashirin suna sassautawa, su yi zagaye ɗaya a hankali don komai ya huce, sannan su fito su sha ruwa. Direban Gusau kuwa zai yi sama da awa guda a haka, ya sauke fasinja, ya shiga layi ya juyo.

Allurar ruwa ce, ba ta mai ba

A gareji da tasha, idan aka ce mota tana zafi, ruwa ake nufi: lagireto, fanka, fambel, gasket. Allurar da ke gaban direba ma zafin ruwan take aunawa. Amma ruwa iyakarsa bangon silinda da kan inji. Ba ya zuwa wurin karanshaf da metal, ba ya taɓa ƙasan fistin. Waɗannan wuraren baƙin mai ne kaɗai ke kwashe musu zafi, ya gangara da shi kwanon da ke ƙarƙashin inji, inda iska ke ɗan fifita shi.

Dattawan makanikai ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a nan. Sun yi aiki a kan Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru, wadda aka riƙa haɗawa a Legas tun daga 1975. Ba ta da ruwa ko ɗigo. Iska da mai ne ke sanyaya ta, kuma a cikin rumfar fankarta akwai ɗan ƙaramin lagireto na mai. Haka babur ɗin Boxer da ya cika ƙauyukan Faskari yake: iska da kusan lita ɗaya ta mai, shi ke nan abin da ke tsakanin injinsa da ƙonewa.

Yawancin injina sun fi jin daɗi idan mai yana tsakanin digiri 90 zuwa 110. Idan ya wuce 120 ya daɗe a can, abu biyu ke faruwa. Na farko, yana tsinkewa. Tsakanin karanshaf da metal akwai wata 'yar tazara da ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma mai ne ke cike ta ya hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Da ya yi ruwa-ruwa fiye da kima sai wannan shimfiɗar ta kasa ɗaukar nauyi. Na biyu, yana tsufa da wuri. Masana man inji suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi: duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar mai sau biyu. Ke nan man da zai yi wata biyu a motar malamin makaranta, a motar haya mai zafi ba lallai ya kai rabin haka da ƙarfinsa ba.

Wani abin kuma, a motocin zamani da yawa kamfani da gangan ya saita allurar ruwan ta zauna daram a tsakiya, ko ruwan yana digiri 80 ko ya haura 100, don kada hankalin direba ya riƙa tashi. Sai abu ya yi nisa take motsawa.

Jar fitila mai hoton buta

Direbobi da yawa suna ɗaukar jar fitilar nan mai hoton butar mai a matsayin mai gaya musu cewa mai ya ragu. Ba aikinta ke nan ba. Ƙarfin bugun mai take kallo, kuma a yawancin motoci ba ta kamawa sai bugun ya faɗi ƙasa da kusan rabin ba, wato abin da bai kai fam 7 ba a irin ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya. Inji mai lafiya da ke gudu a babbar hanya yana buƙatar ninkin wannan sau da yawa. Ƙa'idar da masu tsere suka saba bi ita ce fam 10 a kan kowane juyi 1,000 na inji a minti. Motar da ke juyi 4,000 da bugun fam 15 tana cin metal ɗinta, kuma fitilar ba za ta ce uffan ba.

Kamfanin Volkswagen ya san da wannan giɓi. A Golf 2 da Golf 3 ya sa makunni biyu: ɗaya na lokacin da inji ke silo, ɗaya kuma mai neman bugu mai ƙarfi da zarar juyi ya wuce kusan 2,000. Idan bugun bai kai ba, sai fitila ta riƙa ƙyaftawa, wata ƙara kuma ta tashi. Abin takaici, wannan ƙara ce aka fi tsana a tasoshinmu. Tana damun fasinja, tana damun direba, sai a je wurin mai wayarin ya kashe ta. Wani lokaci makunnin ne ya lalace, gaskiya ne. Amma hanyar sani ita ce a ɗaura agogon gwaji a auna bugun, aikin da ba ya cin rabin awa. Yanke waya kuwa tamkar kashe zakara ne don kada gari ya waye.

Magunguna biyu da aka saba da su

Idan motar Beljiyam ta iso, abu na farko da makanikai da yawa ke yi shi ne cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, sannan a haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. Hujjar ita ce an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Amma motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai ma da shi suke zuwa. Tamostat mai lafiya yakan buɗe tsakanin digiri 80 zuwa 90, kuma da ya buɗe gaba ɗaya ba ya hana ruwa gudu. Cire shi ba ya ƙara wa lagireto girma ko kaɗan. A wasu injinan ma shi ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa a cikin inji, don haka idan babu shi wani kaso na ruwan ba ya bi ta lagireto.

Illarsa ta fi fitowa da asubar hunturu. Inji ya daɗe bai ɗumama ba, yana shan fetur fiye da kima, wani fetur ɗin yana zurarewa ta gefen ringi ya gauraya da mai. Sanyin mai ma matsala ce: sai ya kusa digiri 100 yake iya korar raɓa da fetur ɗin da suka shige shi. Man da fetur ya tsinka da safe shi ne zai fuskanci zafin azahar.

Magani na biyu shi ne mai mai kauri. A tsohon inji da metal ɗinsa ya saki, 20W-50 yana da amfaninsa, yana ɗaga bugu yana rage hayaƙi. Amma a injinan da aka ƙera don 5W-30, masu siraran hanyoyin mai, mai kauri yana jinkirin isa sama idan an tayar da mota, kuma gogayyarsa da kansa tana ƙara zafi. Lambar da ke bayan harafin W tana nuna kaurin mai ne a digiri 100, ba ingancinsa ba.

Ingancin kuwa shi ne babbar magana. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, farashin galan ya tashi, sai mutane suka ƙara karkata ga man awo da ake zubawa a kwalabe a bakin titi. Matatar Kaduna ce aka gina da sashen samar da tushen man inji, kuma ta daɗe ba ta aiki, don haka daga waje ake shigo da shi. Wani abin da ake sayarwa a kwalba wannan tushen ne tsurarsa, ba a sa masa sinadaran da ke hana shi ƙonewa da daskarewa ba, wani kuma tsohon mai ne aka tace. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta sha kama irinsa. A ido duk ɗaya ne. A digiri 130 ne ake gane bambanci, kuma a lokacin mota tana tsakiyar daji.

Lagireton mai: yaushe ya dace?

Na'urar sanyaya mai iri biyu ce. Akwai wadda ke amfani da ruwan lagireto, wani ɗan akwatin ƙarfe da ke zaune tsakanin filta da jikin inji, mai tiyo biyu na ruwa. Yawancin injinan dizal da wasu Golf da Sharon da shi suka zo daga kamfani. Yana ɗumama mai da safe, yana rage masa zafi da rana. Matsalarsa a nan ita ce ruwan rijiya da ake ɗura wa lagireto. Yana tara farar ƙasa a ciki, yana cin ƙarfen har ya huje. Daga nan sai mai ya haɗu da ruwa ya koma kamar shayi mai madara, a ce gasket ne, a buɗe kan inji a banza. Sau da yawa kuma idan an gano shi ne, sai a haɗe tiyon biyu a tsallake shi. Motar za ta tashi lafiya, amma ta rasa abin da ke riƙe mata zafin mai, kuma babu allurar da za ta faɗa.

Ga motar da ta zo da wannan akwati, maido da shi ya fi komai sauƙi da arha.

Iri na biyu shi ne wanda masu zuwa filin tsere ke ƙarawa: ƙaramin lagireto da ake kafawa a gaban mota, a jawo masa mai ta wani faifai da ake sawa a mazaunin filta. Ana sayar da shi da yawan layuka, 13 ko 19 ko 25. Yana aiki sosai, amma ƙwararrunsu suna da sharuɗɗa da ba sa wasa da su. Faifan ya zama mai tamostat a ciki, wanda ba ya sakin mai zuwa lagireton sai ya kai wajen digiri 80. Tiyon ya zama na mai da ke jure bugu da zafi, da kawuna masu zare, domin tiyon ruwa da aka ɗaure da waya zai fashe, kuma famfon mai zai zubar da lita huɗu a titi cikin ƙasa da minti guda. Sai an ƙara mai gwargwadon abin da lagireton da tiyon suka shanye. Kuma ba a sayen na hannu da aka ciro daga injin da ya buga, saboda garin ƙarfen da ya maƙale a cikinsa ba ya wankuwa, zai koma sabon injin.

A hanyoyin Faskari da Sabuwa akwai ƙarin abin lura. Tsakuwa da ramuka suna iya fasa duk abin da aka kafa ƙasa-ƙasa. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayin masara da dawa a lokacin kaka, da zaren auduga da ke tashi a kewayen Funtua, duk suna toshe ramukan lagireto. Wanda ya ɗora na mai a gaban na ruwan da ya riga ya toshe, ya ƙara wa Borno dawaki ne kawai: iskar da za ta isa na bayan ta ragu, kuma da zafinta.

Don haka ba kowace motar haya ce ke buƙatarsa ba, kuma babu mai iya cewa tana buƙata sai an auna.

Yadda ake aunawa

Agogon zafin mai da na bugun mai ana samun su a manyan kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, kuma faifai ɗaya a mazaunin filta yana ɗaukar kawunansu biyu. Na lantarki ya fi, don na tiyo yana shigo da mai mai zafi har gaban direba.

Mai wayar zamani yana iya sayen 'yar na'urar nan da ake soka wa a ƙasan sitiyari ta aiko da bayanan inji ta Bluetooth. Tana aiki a motocin Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001. Za ta nuna ainihin zafin ruwa da lamba, wanda shi kansa ci gaba ne. Zafin mai kuwa sai idan motar tana da kan auna shi, kuma da yawa ba su da shi. Wasu Golf 3 masu cikakken kaya suna nuna zafin mai a ɗan allon da ke gaban direba idan an danna maɓallin da ke jikin sandar waifa, abin da ba duk masu su suka sani ba. Akwai kuma ma'aunin zafi mai kama da bindiga da ake haska kwanon mai da shi bayan an tsaya. Ba irin na lokacin korona ba, wancan iyakarsa zafin jikin mutum.

Amfanin agogo ba ya bayyana a rana ɗaya. Direba zai yi mako yana kallo har ya san lambobin motarsa: nawa take kaiwa a Mairuwa, nawa a Tsafe, nawa idan da lodi. Ranar da zafi ya haura abin da aka saba, ko bugu ya ragu a gudun da aka saba, to wani abu ya canza, ko da kunne bai ji komai ba. Idan allurar bugu tana faɗuwa a kwana ko lokacin taka birki da ƙarfi sannan ta dawo, mai ya yi ƙasa, famfo yana zuƙar iska. Masu tsere suna walda shinge a cikin kwanon mai saboda wannan. Direban haya ya wadatu da zaro sandar awo kowace safiya a wuri mai daidai, ya tabbatar mai yana kusa da layin sama bai wuce shi ba, don wanda ya yi yawa karanshaf na kaɗa shi ya yi kumfa.

Lissafin juye ma yana buƙatar gyara. Zuwa Gusau da dawowa Funtua ya haura kilomita 200. Mai yin sawu ɗaya kullum zai cinye kilomita 5,000 cikin kwana 25, kuma littattafan kamfanonin mota da kansu suna cewa a rage tazarar juye idan ana aiki cikin ƙura da zafi da nauyi. Da yake malejin yawancin motocin ya daɗe da mutuwa, ƙirga sawu ya fi ƙirga watanni.

Gudun da tsoro ke sawa

Hanya mafi arha ta rage zafin mai ita ce ɗaga ƙafa. Ƙarfin da mota ke kashewa wajen keta iska yana ƙaruwa ninki-ninki: daga gudun kilomita 100 zuwa 120 a awa, yana ƙaruwa da sama da kashi 70 cikin 100, kuma kaso mai yawa na wannan ƙarin zafi ne a cikin inji. A tafiyar kilomita 100, abin da direba ya samu da wannan gudun minti goma ne. Dokar hanya ta ƙasa ma kilomita 80 ta yanke wa motocin haya a irin wannan titi.

Faɗar haka daga nesa abu ne mai sauƙi. Direban da ya taɓa jin harbi a bayansa, ko aka taɓa ɗauke abokin aikinsa, ba zai bi wasu wuraren da gudun 80 ba, kuma fasinjojinsa ba za su bar shi ba. Abin da zai yiwu shi ne abin da masu filin tsere ke yi: a raba tafiyar. A taka inda dole ne a taka, a sassauta a cikin garuruwa da kusa da shingayen jami'an tsaro, inda minti biyar na tafiya a hankali ke sauke zafin mai sosai. Idan an iso tasha bayan gudu, musamman a mota mai turbo, a bar inji ya yi silo na minti ɗaya ko biyu kafin a kashe, don kada man da ke cikin turbo ya ƙone a tsaye.

Akwai kuma batun wa zai biya. Yawancin direbobin ba su ne masu motocin ba, balas suke kaiwa, kuma duk abin da aka kashe a kan agogo ko galan mai kyau daga aljihun wani zai fita. Mai mota da ke zaune a Funtua yana kallon kuɗin faifai da agogo biyu, sai dai ya kwatanta shi da kuɗin injin Beljiyam, da na janwe daga 'Yankara, idan ma an samu mai janwen da zai yarda ya je bayan la'asar.